Tsohuwar kulas: a wanke, a duba, sa'an nan a ɗaura

Duk ɗan kasuwar da ke da mota bisa hanya, da duk uwargidan da ke da injin niƙa a ƙofar gida, akwai magana guda da ba su son ji daga bakin makanike, ita ce a ce masu kulas ta tafi. Da an faɗi haka an san za a taɓa jari. Sabuwar kulas ta kamfani ba kowa ke iya sayenta ba, shi ya sa yawancinmu wajen ƴan feray muke nufa, mu ɗauko wadda aka kwance daga wani inji, mu miƙa wa makanike muna azalzalarsa ya ɗaura domin mota ta koma aiki. A cikin wannan gaggawa ce kuɗin mutane ke salwanta. Kulas ɗin da aka ɗaura ba wanki ba dubawa tana iya riƙe mota mako guda ko biyu, daga nan ta ajiye ta a daji tsakanin Galmi da Ƙonni, da buhunan albasa a kanta rana tana dukansu.

Saboda haka muka ga ya dace mu tattaro wa masu karatu abin da ya kamata mai biyan kuɗi ya sani. Ba sai Alhaji ko Hajiya sun zama makanikai ba. Ya isa su san abin da za su ce a yi a gaban idonsu kafin a ɗaure bulon na farko.

Mece ce kulas, kuma me ke kashe ta?

Kulas ita ce murfin inji, abin da makanikan Najeriya ke kira top silinda. Tana zaune bisa bulok, ta rufe ramukan da fistan ke hawa da sauka a ciki. A jikinta sufaf suke, masu buɗewa iska ta shiga hayaƙi ya fita, kuma a nan ake ɗaura buji in injin esansi ne, ko anjektar in na gazuwal ne. A cikinta akwai hanyoyi iri biyu da ido ba ya gani, na ruwan da ke sanyaya inji da na man da ke shafe shi. Tsakaninta da bulok akwai juwan kulas, wani siririn faifai da ke raba wuta da ruwa da mai, kada ɗaya ya shiga hanyar ɗan'uwansa. A injunan gazuwal na Toyota irin 2L da 3L, fistan yana matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 22 na girmanta kafin wuta ta tashi, kuma duk ƙarfin nan bisa kulas da juwan yake sauka, sau dubbai a minti guda.

Babban abokin gabar kulas shi ne zafi, mu kuwa a ƙasar nan zafi ba baƙo ba ne. A watannin Afrilu da Mayu rana kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe radiyata, lodi ya fi ƙarfin mota, ruwan rijiya da ake zubawa ya bar tsatsa da farin ɓawo a cikin hanyoyin ruwa kamar yadda yake bari a gindin buta. In inji ya tafasa, kulas takan tanƙware ko ta tsage. Ta alminiyom ta fi saurin tanƙwarewa, domin in zafi ya kama alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfen bulok ke buɗewa. Direban da ya kwara wa tafasasshen inji ruwan sanyi kuwa, shi da hannunsa ya tsaga ta.

Daga ina suke zuwa?

Tun karyewar darajar kuɗin Sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da farashin kayan waje ya ninka a dare guda, tsofaffin piyes suka zama abin dogaron masu motoci. Ana kwance injuna a Turai da Japan da Dubai, a loda su a kwantena, su sauka a tashoshin ruwan Kwatano, Lome ko Legas. Wasu su tsaya a Katako ta Yamai, wasu su shigo daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ko ta Matamai zuwa Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau, mai saye ya ji a jikinsa.

A duk tsawon tafiyar nan babu takardar da ke bin kulas tana ba da labarinta. Wata an cire ta daga motar da ta yi haɗari injinta na lafiya lau, wannan ita ce sa'a. Wata kuwa zafi ne ya kashe injinta aka jefar. Akwai kuma waɗanda a nan gida aka kwance su daga motar da ta gaji, aka goge, aka jera tare da na waje. Shi kansa mai shago sau da yawa bai san wacce ce wacce ba, domin a tsibi ya saya.

A duba tun tana da dattinta

Abu na farko, a je kasuwa da tsohuwar kulas ɗin da ta lalace, a aza su gefe da gefe. Injuna da yawa suna kama da juna a ido alhali ba ɗaya suke ba. Misali 2L da 3L da 5L duk ƴan gida ɗaya ne, ana samunsu a Hiace da Hilux, amma faɗin ramin fistan ɗinsu ya bambanta: milimita 92 a na farko, 96 a na biyu, 99.5 a na uku. A duba lambobin da ke jikin ƙarfen, a ƙirga ramukan ruwa da na mai da na bulon, a aza juwan a kai a ga ko kowane rami ya faɗa wurinsa.

Abu na biyu, a kalle ta da kyau kafin ruwa ya taɓa ta, domin datti ma yana ba da labari. Wurin da wuta ke ci ya kamata ya kasance da baƙin gawayi iri ɗaya a kowane rami. In guda ya fita fes kamar an wanke shi sauran kuwa baƙi ƙirin, alama ce ruwa yana shiga ramin, tururi ne ya wanke shi. In an ga mai ya daskare fari-fari kamar kindirmo a saman kulas, ruwa da mai sun gauraya. A nemi tabon walda, a nemi inda aka liƙe da gam aka goge. Kulas ɗin da aka fesa wa sabon fenti mai ƙyalli ita ce ta fi cancantar a yi mata tambaya, domin fenti yana rufe tsaga kamar yadda ake jera manyan tumatir a bakin kwando.

Wanki da ƙa'idarsa

Ba a wanke kulas a haɗe. Sai an kwance sufaf da sifirin ɗinsu, an cire robobin da ke wuyansu, an fid da sandar da ke danna su wadda makanikai ke kira arbarkam in a sama take. Kowane sufaf ya riga ya saba da mazauninsa, don haka makanike mai lura yakan huda kwali ya soke su a jere, ya rubuta lamba daga ɗaya zuwa ƙarshe. Haka nan murafun da ke riƙe arbarkam, kowane da wurinsa da fuskar da yake kallo. Garajin da aka zube kome cikin kwano guda aka bar wa yaran gareji su tsince, a nan matsala ke farawa.

Sa'an nan a san irin ƙarfen. A kara mayen ƙarfe: in ya kama, baƙin ƙarfe na zubi ne, kamar na 2L da 3L da 1HZ na Land Cruiser. In bai kama ba alminiyom ne, kamar na 1KZ da yawancin ƙananan motocin esansi. Dalilin wannan gwaji shi ne soda. Sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita tana narkar da maiƙo da gawayi daga baƙin ƙarfe ba tare da ta cuce shi ba, amma alminiyom cin sa take yi. Duk wadda ta taɓa barin ruwan soda ya kwana a tukunyar sanholo ta san abin da muke nufi. Kulas ta alminiyom sai a jiƙa ta cikin kananzir ko gazuwal, a bi ta da burushi, a ɗauraye da ruwan zafi da garin sabulu. Wanki da esansi, wanda ya zama al'ada a wasu wurare, wasa da wuta ne a inda ake walda ana shan taba.

Ragowar tsohon juwan da ya manne a fuskar kulas ana kankare shi a hankali da abu mai laushi, roba mai ƙarfi ko farin ƙarfe marar kaifi, a kwance ba a tsaye ba. Kada a yarda a sa mata injin gurza ko takardar yashi mai kaushi, domin nan take za su yi mata kwari a fuska, garin gyaran gira a rasa ido. Kada kuma a dirje ta da rairayi kamar tukunya. Ƙwayar yashi in ta maƙale a hanyar mai, ranar da aka ta da inji za ta bi mai ta isa ga kusine ta karce su, a tashi daga gyaran kulas a koma gyaran inji gaba ɗaya. Bayan ɗauraya a hura iska mai ƙarfi cikin kowane rami, ko da ta wurin mai faci ce, har sai an ga tana fita ta ɗaya gefen babu datti. In baƙin ƙarfe ne a shafa masa ɗan mai da zarar ya bushe, don tsatsa ba ta jira.

Neman tsaga

Sai kulas ta fita tsaf ake iya ganin aibinta. A fito da ita cikin hasken rana. Tsaga ta fi zama a siririn wurin da ke tsakanin mazaunin sufaf biyu, ko daga mazaunin sufaf zuwa ramin buji. A tsofaffin injunan gazuwal akwai wasu ƴan kofuna na ƙarfe da aka dasa a fuskar kulas inda gazuwal ke fara kamawa, su ma a duba bakinsu, a taɓa a ji ko suna motsi.

Wata tsagar ta fi gashi siranta, ido ba ya kama ta. Akwai tsohuwar dabara da ba ta cin kuɗi: a shafa kananzir a bar shi ya ratsa, a goge fuskar ta bushe sarai, a shafa farin alli da aka dama, a jira ya bushe, sa'an nan a ɗan bubbuga ƙarfen. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya ja layi a kan allin. Manyan gareji suna da gwangwanaye uku na fesawa masu yin wannan aiki, guda na tsabtacewa, guda ja, guda fari, jan layi ya fito a kan fari.

Amma tsagar da ke can cikin hanyar ruwa ko a lungun da hayaƙi ke fita, sai gwajin iska ke tona ta. Ana toshe duk ramukan ruwa da faranti da roba, a tura iska kimanin bar 2 zuwa 3, a nutsa kulas cikin ruwa mai zafi wajen digiri 80, a zuba ido. In kumfa ya riƙa tasowa a jere daga wuri guda, magana ta ƙare. Ana amfani da ruwan zafi ne domin wata tsagar a rufe take in ƙarfe ya yi sanyi, sai ya ɗau zafi take buɗe baki. Wannan gwaji a wurin masu tur ake samunsa a manyan garuruwa. Kulas ta alminiyom ƙwararren mai walda yana iya ceto ta. Ta baƙin ƙarfe waldarta da wuya take riƙewa, don haka wadda aka samu da tsaga tun kafin saye a bar wa mai ita kayansa.

Awon fuska

Juwan ba ya iya cike rami. Dole fuskar kulas ta kasance a shimfiɗe ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Ana aza miƙaƙƙen ƙarfen awo a kanta, a tsaye, a kwance, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, a riƙa gwada zura ƴan siraran ƙarafan nan da ake kira kal a ƙarƙashinsa. A ƙananan injunan esansi da yawa littafin kamfani bai yarda rata ta wuce milimita 0.05 ba, abin da bai fi kaurin gashin kai ba. Wasu injunan gazuwal ana ɗaga masu ƙafa zuwa 0.15 ko 0.20. Makaniken da ya shafa tafin hannu ya ce ta yi daidai bai auna kome ba.

In ta ɗan tanƙware, masu tur suna iya aske fuskarta a kan inji. Sai dai askin yana da iyaka. Tsohuwar kulas mai yiwuwa an riga an aske ta sau ɗaya ko biyu a wata ƙasa, saboda haka a auna kaurinta a gwada da abin da kamfani ya faɗa. In an ci ƙarfe da yawa, sufaf yana matsowa kusa da fistan, a injin gazuwal kuwa tazarar da ke tsakaninsu dama ƴar kaɗan ce, suna iya karo. Akwai kuma gwaji mai sauƙi ga kulas mai arbarkam a sama: a mai da sandar wurinta ba tare da sufaf ba, a juya ta da hannu. In tana cijewa, kulas ɗin ta karkace har sama, askin ƙasa kaɗai ba zai gyara ta ba.

Sufaf da ƙananan abubuwa

A mirgina kowane sufaf bisa gilashi, wanda ya lanƙwashe zai yi ɗingishi. A zura shi a raminsa a girgiza, in yana rawa da yawa ramin ya cinye, inji zai riƙa shan mai yana baƙin ciki da shuɗin hayaƙi. A jera sifirin bisa gilashin nan a ga ko tsayinsu ɗaya. Bayan an yi wa sufaf rodaj an mai da su, a kifa kulas a zuba kananzir a kansu a jira ƴan mintoci. Inda ya zurara, nan ma wuta za ta zurara. Robobin wuyan sufaf kullum sababbi ake sawa. A duba zaren ramukan buji da na anjektar, a duba ko akwai karyayyen bulon da ya maƙale a gefen hayaƙi, a duba ƴan murafun nan masu kama da kwabo da ke toshe hanyar ruwa, in sun yi tsatsa a canza su tun kulas tana ƙasa.

Injin niƙa mai fistan guda da famfon ban ruwa na lambu kulas ɗinsu ƙarama ce, mutum guda yana ɗaukarta da hannu, amma ƙa'idar duk ɗaya ce. Su abin da ya fi cutar da su shi ne barin tukunyar ruwansu ta ƙafe ana cikin niƙa, da ɓawon da ruwan rijiya ke tarawa.

Ranar ɗauri

Fuskar bulok ita ma a goge ta a auna. A tsane mai da ruwan da suka taru a ramukan bulon, domin in an ɗaure bulon a kan ruwa yana iya fasa bulok. Juwan sabo ake sawa, kuma a injunan gazuwal da yawa yana zuwa da kauri iri-iri, ana zaɓen wanda ya dace bisa yadda fistan ya ɗara bakin bulok. Wasu bulon miƙewa suke yi in an ɗaure su, irinsu ba a maimaita su. Ɗauri daga tsakiya ake faro shi a fita gefe, hawa-hawa, da kile mai awo, ba da dogon bututu da ƙarfin saurayi ba.

Abu mafi muhimmanci, a gano abin da ya kashe kulas ta farko. In radiyata a toshe take, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta juyawa yadda ya kamata, ko murfin radiyata ba ya riƙe iska, to ta biyun ma hanyar ta farko za ta bi. Kwanakin farko bayan gyara direba ya riƙa duba ruwa kowace safiya. Ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa a bakin radiyata, farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, duk sammaci ne na a koma gareji tun ba a yi lodi ba.

Sharaɗin ciniki

A nan ne ƴan kasuwa suka fi kowa ƙwarewa. Wanda ba ya sayen buhun wake sai ya soka ya ga ƙwaya, wadda ba ta karɓar turmin atamfa sai ta warware ta ga ko akwai tabo, bai kamata su yi cinikin biri a sama a kan ƙarfen da ya kai jikkuna masu yawa ba. Kafin a miƙa kuɗi a yi magana a fili gaban shaida: za a kai ta wanki da gwaji, in ta faɗi za a maido ta a karɓi kuɗi ko a canza wata, cikin kwana kaza. A rubuta a takarda. A buga mata wata alama a gefe gaban mai shago, domin kada gobe a yi gardamar ko ita ce. A yanke tun farko wanda zai biya kuɗin gwaji. A kuma sani cewa da zarar an aske fuskarta ko an ɗaura ta, da wuya mai shago ya karɓa, don haka gwajin tsaga shi ne farko, aski daga baya.

Mai shagon da ya san kayansa ba ya gudun wannan sharaɗi, domin wanda ya ji daɗi shi ke kawo wani. Wanda ya ƙi, ya ce in an fita da kaya an fita ke nan, a yi masa sallama a ƙara gaba. Shi ma makanike a ba shi lokacinsa da haƙƙinsa, wankin kulas da dubanta aikin yini guda ne ko biyu, kuma mu masu mota mu ne kan hana shi yin sa saboda ranar kasuwa ta matso.

Kuɗin da ake sayen kulas da su sau da yawa na adashi ne, ko rance daga asusun ƙungiya irin ta Mata Masu Dubara da ta faro a Maraɗi a 1991, kuma ranar biya ba ta duba ko inji na aiki ko yana kwance. Kulas ta alminiyom da ta faɗi gwaji tana da inda za ta, maƙeran Katako suna narkar da irinta su zuba tukwane. Gara ta tafi can daga shagon mai ita, da ta tafi bayan ta cinye juwan da mai da kuɗin aiki da lodin wani bawan Allah. Masu iya magana sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya ba da kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.